Seymour Furman: Likitan da ya zura waya cikin zuciya, ya ƙare rayuwarsa yana bibiyar ta

Duk wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, wadda jama'a suka fi sani da batirin zuciya, yana iya shafa ƙasan kafaɗarsa ya ji ɗan tudun da ta yi a ƙarƙashin fata. Abin da hannunsa ba zai kai gare shi ba shi ne siririyar wayar da ta tashi daga jikin batirin, ta bi ta cikin jijiyar jini, ta je ta kafa bakinta a bangon zuciya. Ta wannan waya ce na'urar ke sauraron zuciya, ta nan kuma take aika mata umarnin bugawa. Idan wayar ta samu matsala, komai tsadar batirin da sabuntarsa ya tashi a banza.

Mutumin da ya tabbatar wa duniyar likitanci cewa wannan hanya mai yiwuwa ce shi ne Dokta Seymour Furman, likitan tiyata ɗan ƙasar Amurka. Ya yi wannan aiki yana ɗan shekara 27, sannan ya shafe kusan rabin ƙarni yana nazarin yadda wayar ke lalacewa, da yadda za a gano hakan tun kafin mai ita ya yanke jiki ya faɗi.

Tasowarsa da cutar da ya tarar

An haifi Furman a birnin New York a 1931. A nan ya yi karatunsa, har ya kammala kwalejin likitanci ta Downstate da ke unguwar Brooklyn a 1955. Daga nan ya wuce Asibitin Montefiore da ke unguwar Bronx domin ƙwarewa a fannin tiyata, kuma da wannan asibiti aka san shi har ƙarshen rayuwarsa.

A lokacin akwai wata cuta da ta gagari likitoci. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa. Kowane bugu yana farawa ne da ɗan lantarkin da ke tashi daga ɗakin sama na dama, ya ratsa wata mahaɗa da ke tsakiya, ya sauka zuwa ɗakunan ƙasa masu harba jini. Idan mahaɗar ta toshe, sai ɗakunan ƙasa su koma bugawa da kansu, sau 30 ko 40 a minti ɗaya, a maimakon 60 zuwa 100 na mai lafiya. Wani sa'in su tsaya cik na wasu daƙiƙoƙi, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi sumamme, har ya yi fizge-fizge kamar mai farfaɗiya. Likitoci na kiran wannan suma da sunan Stokes da Adams, likitoci biyu na ƙasar Ailan da suka bayyana ta a ƙarni na 19. Da yawa daga waɗanda ta fara kayarwa ba sa wuce shekara ɗaya ko biyu.

Dabaru biyu ake da su, kowace da wahalarta. A 1952 Dokta Paul Zoll na birnin Boston ya nuna cewa ana iya tilasta wa zuciya bugawa ta hanyar aika lantarki daga saman ƙirji. Dabarar tana ceton rai, amma lantarkin yana da ƙarfi, yana fizgar tsoka, yana ƙona fata, babu mai iya jure shi na tsawon lokaci. A 1957 kuma Dokta Walton Lillehei na jihar Minnesota ya fara ɗinke waya a jikin tsokar zuciya kai-tsaye. Wannan na buƙatar lantarki kaɗan, sai dai dole a tsaga ƙirji, alhali mafi yawan masu cutar tsofaffi ne da ba za su iya ɗaukar babbar tiyata ba.

Hanya ta uku

A Montefiore, Furman ya yi aiki a sashen da Dokta Doris Escher ke jagoranta, inda ake zura siririn bututu ta jijiyar hannu har cikin zuciya domin auna yadda jini ke gudana. Wannan fasaha ta riga ta kafu, domin a 1956 aka bai wa Werner Forssmann da André Cournand da Dickinson Richards kyautar Nobel a kanta. Tunanin da ya zo wa matashin likitan mai sauƙi ne: tunda bututu na isa cikin zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba, ai yana iya ɗaukar waya ya kai ta can.

Ya zura wayar jan ƙarfe cikin irin wannan bututu, ya bar ɗan ƙarfe tsirara a bakinsa, ya fara gwaji a kan karnuka. Sakamakon ya nuna cewa bangon ciki na zuciya yana amsa lantarki ɗan kaɗan, daidai da yadda bangon waje ke amsawa. A watan Yulin 1958 ya gwada a kan mutum, wani dattijo mai toshewar mahaɗar zuciya da za a yi wa tiyatar hanji. Wayar ta riƙe bugun zuciyarsa har aka gama aikin.

Majinyaci na biyu, ɗan shekara 76, shi ne ya kafa hujjar. Daga watan Agustan wannan shekara ya yi kwana 96 da waya a cikin zuciyarsa. Na'urar da ke ba wayar wuta babba ce, ana jona ta da wutar bango, don haka aka ɗora ta a kan ɗan keken turawa, aka sa mata doguwar igiyar lantarki, yana tura ta yana zagaya barandar asibiti. Abubuwan da ake tsoro, wato gudan jini ya taru a jikin wayar ko ta rikita bugun zuciya ta kashe shi, ba su faru ba. Daga bisani aka cire wayar, ya koma gida. A 1959 Furman da Dokta John Schwedel suka wallafa rahoton aikin a mujallar New England Journal of Medicine.

Inda wayoyin farko suka gaza

A daidai wannan lokaci wasu masana na ƙoƙarin ƙanƙanta na'urar ta yadda za ta shiga jiki gaba ɗaya. A ranar 8 ga Oktoban 1958 Dokta Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar da Rune Elmqvist ya ƙera, a Asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin. Ta tsaya cikin sa'o'i kaɗan, aka sa masa wata. Larsson ya rayu har 2001, bayan an canza masa na'ura fiye da sau ashirin. A 1960 Dokta William Chardack da injiniya Wilson Greatbatch suka fara dasa tasu a birnin Buffalo na Amurka.

Duk waɗannan na'urori da wayar da aka ɗinke a bayan zuciya suke aiki, kuma nan da nan aka gane inda gizo ke saƙa. Zuciya tana bugawa kimanin sau 100,000 a rana, wato sama da sau miliyan 35 a shekara, kowane bugu kuma sai ya lanƙwasa wayar. Ƙarfen da ake lanƙwasawa ana miƙewa ba dare ba rana, ƙarshensa karyewa. Da ta karye sai a sake tsaga ƙirjin majinyaci. Chardack ya rage matsalar da ya koma amfani da wayar da aka nannaɗe kamar sifirin, wadda ke lanƙwasuwa ba ta gajiya da wuri.

A 1962 Dokta Hans Lagergren a Suwidin da Dokta Victor Parsonnet a birnin Newark na Amurka suka haɗa dabarun biyu: batiri a ƙarƙashin fata, waya ta cikin jijiya irin ta Furman. Kafin ƙarshen shekarun 1960 wannan hanya ta rinjayi sauran. Aikin da a da sai an buɗe ƙirji ya koma ɗan yanka a ƙasan kafaɗa, da allurar kashe zafi a wurin kawai. Har yau haka ake dasa mafi yawan na'urorin a duniya.

Asibitin bibiya

Bayan ɗan lokacin da ya yi yana aikin likita a rundunar sojan ruwan Amurka, Furman ya koma Montefiore a farkon shekarun 1960. Ya lura da abin da likitocin tiyata da yawa ba su damu da shi ba: ranar da aka sallami majinyaci ita ce ranar da na'urar ke fara tsufa. Batiran wancan zamani ba su cika wuce shekara biyu ba, wayoyi na gocewa, suna karyewa, sau da yawa kuma ba a sani sai an kawo mutum a sume. Shi da Escher suka kafa ɗaya daga cikin asibitocin farko na bibiyar masu na'urar, inda kowane majinyaci ke da ranar zuwa, ana auna na'urarsa, ana rubuta sakamakon, ana kwatanta na yau da na baya.

Ya kuma duƙufa kan auna mafi ƙarancin lantarkin da zuciya ke buƙata kafin ta amsa. Bincikensa ya taimaka wajen tabbatar da cewa idan aka ƙanƙanta bakin wayar, aka kuma gajarta tsawon kowane bugun lantarki, zuciya za ta amsa kamar da, batiri kuma ya ƙara daɗewa. Da ya ga nisa da tsufa na hana wasu zuwa asibiti, sai shi da abokan aikinsa suka ɓullo da dabarar aiko da bugun na'urar ta wayar tarho daga gida, suka wallafa bayaninta a 1971. Shekara guda kafin nan shi da Escher sun fitar da littafi kan ƙa'idoji da dabarun wannan fanni, wanda likitoci suka daɗe suna koyo da shi.

Yadda ake gano laifin waya

Tsarin binciken da ya samo asali daga irin wannan asibiti, wanda Furman ya yi shekaru yana koyarwa, shi ne likitoci ke bi har yanzu, ko da yake kayan aiki sun ci gaba. Ana farawa da abin da majinyaci ke ji: jiri, suma, kasala, bugun zuciya da ya koma ƙasa, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, ko tsokar ƙirji da ke motsi da kanta. Sai a yi gwajin zanen bugun zuciya, a ɗauki hoton ƙirji, sannan a ɗora wata kwamfuta ta musamman a kan batirin ta karanto abin da ke cikinsa.

Abu uku ake aunawa a kowace waya. Na farko, ƙarfin lantarkin da zuciya ke buƙata kafin ta amsa. Na biyu, yadda na'urar ke jin bugun da zuciya ta yi da kanta. Na uku, turjiyar da lantarki ke gamuwa da ita a cikin wayar, wadda a mafi yawan wayoyi take tsakanin ohm 300 zuwa 1,500. Wannan awo na uku yana da fassara mai sauƙi. Idan ƙarfen cikin wayar ya karye, hanya ta tsinke, turjiya sai ta yi sama. Idan kuma rigar robar da ke lulluɓe da wayar ce ta yage, lantarki ya samu wurin zurarewa, turjiya sai ta faɗi, batiri kuma ya riƙa ƙarewa da sauri. Shi ya sa rubuta awon baya ke da muhimmanci, domin canjin da aka samu daga zuwa ɗaya zuwa na gaba ya fi lambar kanta faɗin gaskiya.

Lokacin da matsalar ta bayyana shi ma jagora ne. A makonnin farko an fi zargin bakin wayar ya goce daga inda aka kafa shi, ko ya huda bangon zuciya, ko kuma ɗan sukurun da ke riƙe wayar a jikin batiri bai ɗauru sosai ba. Bayan watanni, tabon da ke fitowa a inda wayar ta taɓa tsoka na iya yin kauri har lantarki ya kasa ratsawa. Bayan shekaru kuwa, karyewa da yagewa aka fi samu, musamman a matsatsin da ke tsakanin haƙarƙarin farko da ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, inda ƙasusuwan biyu ke matse wayar duk lokacin da hannu ya motsa. Furman na cikin masu fifita shigar da waya ta wata ƙaramar jijiya da ke gaban kafaɗa, hanyar da ke kauce wa wannan matsatsi. Akwai ma majinyatan da ke yawan murza batirin a ƙarƙashin fata ba da saninsu ba, har wayar ta nannaɗe a jikinsa ta janyo bakinta daga zuciya, lamarin da aka fara bayyanawa a 1968.

Karayar da ba ta gama tsinkewa ba ita ce mafi wuyar kamawa, domin waya na iya yin aiki lafiya lau a gaban likita. Don haka ake sa majinyaci ya ɗaga hannu, ya matsa tafukansa da juna, ko a danna wurin batirin, ana kallon allon kwamfuta a ga ko alamar za ta rikice. Maganin ya danganta da abin da aka gano. Wani lokaci sauya saitin na'urar daga waje ya wadatar. Wani lokaci sai an mai da wayar mazauninta, ko a sa sabuwa a gefen tsohuwar. Cire tsohuwar waya aiki ne mai haɗari, saboda jiki ya riga ya manne ta da bangon jijiya, amma idan ƙwayoyin cuta suka kama na'urar babu makawa sai an fitar da komai.

Rajistar da ba ta kamfani ba

Furman ya gane cewa asibiti ɗaya ba zai iya gano samfurin waya mai lahani da wuri ba. A 1974, da tallafin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, shi da Parsonnet da Dokta Michael Bilitch na birnin Los Angeles suka fara tattara bayanan majinyatansu wuri guda, suna lissafa wace na'ura ce ta daɗe, wace ce ta gaza. Amfanin irin wannan lissafi ya fito fili a farkon shekarun 1980, lokacin da aka ga rigar wasu sababbin wayoyi tana tsattsagewa a cikin jiki, da kuma 1994, lokacin da kamfanin Telectronics ya janye wayarsa mai suna Accufix, wadda wani siririn ƙarfe da ke cikinta kan karye ya huda zuciya.

A 1978 aka fara buga mujallar PACE, wadda Furman ya yi wa edita fiye da shekara ashirin. A 1979 shi da Parsonnet da Warren Harthorne da Dryden Morse suka kafa ƙungiyar masana wannan fanni ta Arewacin Amurka, wadda a 2004 ta koma Heart Rhythm Society. Ya kasance farfesa a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein, ya kuma tsaya kai da fata wajen ganin an kafa jarrabawar tantance masu kula da na'urorin.

A zamaninsa ne wata na'urar ta ƙara wa waya nauyi. A 1980, a Asibitin Johns Hopkins, aka fara dasa na'urar da Dokta Michel Mirowski da abokan aikinsa suka ƙirƙiro, wadda ke gane bugun zuciya mai kisa ta girgiza zuciyar da lantarki mai ƙarfi domin ta dawo daidai. Da farko sai an buɗe ƙirji ake sa ta, amma a farkon shekarun 1990 ita ma ta koma bin jijiya. Wayarta ta fi rikitarwa, lahaninta kuma ya fi muni. Idan ta fara karyewa takan haifar da hargitsin lantarki, na'urar ta ɗauka zuciya ce ta rikice, sai ta girgiza mutum yana zaune lafiya, wani lokaci sau da dama a jere.

Mutuwarsa da abin da ya biyo baya

Furman ya mutu a ranar 20 ga Fabrairun 2006 yana da shekara 74. Bai daɗe da mutuwa ba abin da ya yi ta gargaɗi a kai ya sake aukuwa. A Oktoban 2007 kamfanin Medtronic ya dakatar da sayar da wayar Sprint Fidelis saboda yawan karyewa, bayan an dasa kimanin 268,000. A 2011 aka janye wayar Riata ta kamfanin St. Jude Medical, wadda ƙarafunanta ke cinye rigarsu su fito waje. Waɗannan abubuwa sun ƙara zaburar da masana wajen neman na'urar da ba ta buƙatar waya. A 2016 Amurka ta amince da Micra, na'ura mai girman babbar ƙwayar magani da ake kafawa a cikin zuciya gaba ɗayanta. Ita ma ta jijiya ake kai ta, wato ta ƙofar da Furman ya buɗe a 1958.

Duk da haka, mafi yawan masu na'urar a yau da waya suke rayuwa, ciki har da 'yan Najeriyar da aka dasa wa a gida da waɗanda suka je Indiya ko Masar ko Saudiyya. Matsalar da ta sa Furman ya koma ga tarho tana nan a wannan yanki. Wuraren da ke iya duba na'urar kaɗan ne, a manyan birane suke, kuma kwamfutar kowane kamfani na'urarsa kaɗai take karantawa. Manomin albasa da tafarnuwa a Wurno, ko ɗan kasuwa a Rabah, ko ma'aikaci a Goronyo, wanda ya ji ƙarfi bayan aiki ya daina komawa asibiti, ba shi da hanyar sanin abin da wayarsa ke ciki, musamman idan sana'arsa ta yawan juya kafaɗa ce ko ɗaukar kaya.

Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a duba na'urar daidaita bugu aƙalla sau ɗaya a shekara, mai girgiza zuciya kuwa duk wata uku zuwa shida. Ana son mai ita ya riƙa yawo da katin da ke ɗauke da sunan kamfani da samfurin batiri da na waya, ya daina sa wayar salula a aljihun da ke kan batirin, ya nisanci injin walda. Tun kafin a dasa, yana da kyau ya tambayi inda za a riƙa duba masa a kusa da gida. Suma, ko jiri mai tsanani, ko girgizar da ta zo babu dalili, ko kumburi da ruwa a wurin batirin, duk abubuwa ne da ke buƙatar a isa asibiti a ranar, ba a jira ranar da aka rubuta a kati ba.